Manomi da Tayar da Take Komawa Baya

Salama a gare ku, iyaye da yara. An ce ni zan kawo misalin wannan Lahadi, ni kuwa ba zurfin karatu gare ni ba, ga shi kuma misalin ya shafi kayan inji. In na kira wani ƙarfe da sunan da ba nasa ba, masu aikin gareji su yi mini haƙuri. Ku dai saurara.

Akwai wani mutum, manomi, yana da gona da shanun huɗa biyu. Matarsa sunanta Afiniki, 'ya'yansu biyu. Babban, Habila, yana birni yana aiki a shagon gyaran waya. Ƙaramar, Keziya, ita ce ke gida.

Wata shekara Keziya ta yi zazzaɓi mai tsanani. Zazzaɓin ya tafi, amma ya bar ƙafafunta ba ƙarfi. Likita ya ce za su dawo a hankali, bai kuwa faɗi yaushe ba. Kullum sai a shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta kwanta tana kallon bango. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, yanzu sai an roƙe ta ta yi magana. Tuwo ma sai uwar ta zauna ta yi ta lallashi kafin ta ci loma biyu.

Da Habila ya zo ganin gida, sai ya kawo mata wata 'yar mota, tsawonta kamar kamu ɗaya, irin wadda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Tun daga ranar gidan ya sake. Keziya tana zaune a tabarmarta, motar tana zuwa inda ƙafafunta ba su iya zuwa. Ta bi tsakanin turmi da randa, ta zagaya rumbu, ta fatattaki zabbi har su hau katanga suna ƙara. Yarinya ta koma dariya, ta koma cin abinci. Zagayen rumbun nan kuwa shi ta fi so, don daga bayan rumbu ba ta ganin motar, sai ta riƙe numfashi har ta ɓullo ta ɗaya gefen.

Ana nan, farkon damina, sai motar ta fara wani ƙara daga baya, ƙaras-ƙaras, kamar ana tauna tsakuwa. Daga nan sai ta tsaya. Inji yana kuka, tayoyi ba sa tafiya.

Mutumin ya hau tudun bayan gari, inda waya take kamawa, ya kira ɗansa. Muryar Habila tana zuwa tana yankewa. Ya ce, “Baba, difaranshal ne. Wata 'yar tukunya ce tsakanin tayoyin baya. Yashi ne ya shiga. A buɗe a wanke, a sa giris, amma kada ka...” Sai waya ta yanke. Mutumin ya yi ta kira, ba ta ƙara shiga ba. Ya sauko yana ta maimaitawa, “Kada in me? Kada in me?”

Afiniki ta ce, “Baban Habila, ka taɓa buɗe irinta?”

Ya ce, “Ni da nake kwance kekena da kaina?”

Ta ce, “Keken da tun bara birki ɗaya gare shi?”

Ya ɗauki motar ya kai zaure, don kada yarinya ta ga cikinta a waje hankalinta ya tashi. Ya aro ƙaramin sukudireba, ya shimfiɗa faifai, ya fara kwancewa.

Ya sami 'yar tukunyar, ba ta fi ƙwan zabuwa girma ba. Da ya buɗe ta, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Giya biyu, wato ƙarafa masu haƙora, masu ɗan girma suna fuskantar juna, kowace tana riƙe da taya ɗaya. A tsakaninsu ga wasu ƙanana guda huɗu, a soke a kan ƙusa biyu da suka gicciye. Ga wasu 'yan ƙarafa falale kamar ɓawon kifi, ga zoben roba. Duka sun yi baƙi ƙirin da tsohon mai da yashi. Ya wanke su da kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya jera a faifai. Wata kaza ta shigo ta kai baki ga ɗaya daga ƙananan, tana tsammani hatsi ne. Ihun da mutumin ya yi har maƙwabta sun leƙo.

Ya sa giris, ya mai da kome yadda ya tuna, ya rufe, ya kai wa Keziya yana murmushi. Ta danna gaba. Mota ta zabura ta yi baya, ta shige ƙarƙashin rumfa ta bugi kwanon sha.

Keziya ta ce, “Baba, gaba na danna.”

Ya ce, “To danna baya mu gani.”

Ta danna baya, mota ta yi gaba.

Afiniki ta ce, “To ai da sauƙi. Ta riƙa juya rimot ɗin kai ƙasa mana.”

Keziya ta juya shi kai ƙasa. Gaba ya zama gaba, amma yanzu hagu ta zama dama. Su uku suka tsaya suna kallon juna, ba wanda ya san inda aka dosa.

Mutumin ya koma zaure ya sake buɗewa. Ya daɗe yana jujjuya abin kafin ya lura cewa 'yar tukunyar tana da wani babban zobe mai haƙora a gefe ɗaya, shi kuma ya kwantar da ita zoben yana duban gefen da ba nasa ba. Ya juya ta. Ya ɗaga motar sama ya danna, tayoyin baya suka yi gaba tare, ba ƙara, ba kome. Ya ce, “Madalla, na gode Ubangiji.”

Da ya tashi a nan ya kai mata, da labarin ya ƙare. Amma kun san mutum. Yana riƙe da motar, sai ya sa babban yatsa ya ɗan murza tayar hagu gaba, don kawai ya ji laushinta. Tayar dama ta juya baya.

Ya tsaya. Ya sake murzawa. Ta sake komawa baya. Ya murza ta dama gaba, ta hagu ta yi baya. Gumi ya keto masa. Ya ce a ransa, “Na ɓata wa yarinyar nan mota. Wannan ne abin da Habila ya ce kada in yi.”

Ya kwance, ya ɗaura. Haka dai. Ya sauya wa ƙananan giyoyin wuri, na nan ya koma can. Haka dai. Ya rage giris, ya ƙara giris, ya cire ɓawon kifin nan ya mayar. Taya ɗaya gaba, ɗaya baya. In ya danna rimot su tafi tare, in ya murza da hannu su raba hanya. Ya rasa wanne ne gaskiyar motar.

Ya aika aka kira maƙwabcinsa Barnaba, mai injin niƙa. Barnaba ya zo da gari a gira, ya tsuguna, ya murza taya, ya ga abin da idonsa.

Ya ce, “Kai! Ni a injina in na ga wani ƙarfe ya juya baya, barin wurin nake yi da gudu.”

Mutumin ya ce, “To me ka gani?”

“Ka tabbata kaza ba ta haɗiye ɗaya ba?”

“Huɗu na samu, huɗu na mayar.”

“Wa ya ce maka huɗu ne? Wataƙila biyar ne ka fara ƙirga bayan ta ci.”

Suka dubi kazar. Kazar ta dube su.

Barnaba ya ce, “Kai da garma ka sani, me ya haɗa ka da motar da ba direba a ciki? Ka jira ɗanka.”

Mutumin ya ce, “Sai kaka zai zo. Ka ga yarinyar kuwa? Tun da motar ta tsaya ta fara komawa kallon bango.”

Barnaba ya miƙe. Ya kakkaɓe wandonsa ya ce masu niƙa suna jiransa.

Mutumin ya zauna shi kaɗai yana tunani, tunanin kuwa irin na manomi. Ya ce, “Shanu biyu a karkiya ɗaya, in ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, ai ba huɗa. Abin da aka haɗa dole ya tafi tare. Waɗannan ƙananan giyoyin su ne masu raba kan tayoyin. In na hana su motsi, shi ke nan.”

Ya tashi ya ɗauko ƙaron da yake ajiyewa a tukunyar rumbu. Ya jiƙa shi da ruwan zafi har ya yi kauri, ya goge giris ɗin tas, ya cika 'yar tukunyar da ƙaro, ya ajiye a rana. Da ya bushe ya zama kamar dutse. Ya ɗaura, ya murza tayar hagu gaba, ta dama ta bi ta. Ya murza baya, suka koma tare. Ya yi ajiyar zuciya, ya kira matarsa, “Maman Habila, zo ki ga biyayya!”

Keziya ta karɓi rimot. Mota ta miƙe daga rumfa zuwa bakin randa, sambal, ba ƙara, har ta fi da gudu. Uban ya dubi uwar, uwar ta gyaɗa kai. Sai yarinya ta karya kwana za ta zagaya rumbu.

Motar ta ƙi. Ta yi wani tsalle-tsalle a kan daɓe, tayoyin baya suna gurzar ƙasa, gabanta yana son juyawa, bayanta yana tura ta miƙe. Ta tafi ta bugi turmi. Uban ya ɗauko ya ajiye. Keziya ta sake gwadawa a hankali, mota ta yi wani babban zagaye ta ƙare a cikin kwata. Ta gwada da gudu, mota ta ɗaga ƙafa biyu ta kife, tayoyi sama, suna juyawa tare, daidai wa daida.

Mutumin ya ce, “To ai tare suke tafiya. Ki duba, tare suke tafiya! Me kuma ya rage?”

Keziya ta ajiye rimot a gefen tabarma. Ta ce, “Ba kome, Baba. Na gaji ne.” Ta juya fuskarta bango.

Ran nan ba ta ci tuwo ba.

Kashegari da safe ya ɗaura wa shanunsa karkiya, fari da baƙi, ya tafi huɗa. Jikinsa yana gona, hankalinsa yana kan mota. Shanu suka ja garma suka miƙe kafaɗa da kafaɗa, ya ce a ransa, “To ga shi. Ai haka ya kamata.” Da suka isa ƙarshen kunya, inda za su juya, sai farin sa, wanda ke ciki, ya tsaya yana taka ƙafa wuri ɗaya, har ya ɗan ja da baya. Baƙin, wanda ke waje, ya buɗe ƙafa ya yi doguwar tafiya ya zagayo.

Mutumin ya ɗaga tsumagiya zai zabga wa farin, yana cewa, “Kai ma ka koya?” Sai hannunsa ya tsaya a sama.

Tun yana yaro yake bin garma. Ba kunyar da ya taɓa gamawa da shanu ba su yi haka ba, amma bai taɓa gani ba, don idonsa kullum yana kan bakin garma. Ya kai su ɗaya ƙarshen, ya juya su ta wancan hannun. Yanzu baƙin ne ya tsaya, farin ya zagaya. Karkiya ba ta karye ba. Ba wanda ya bar ɗan'uwansa.

Ya kwance shanun tun rana ba ta ko yi zafi ba, ya koma gida.

Afiniki ta ce, “Lafiya? Garma ta karye?”

Ya ce, “Ɗora mini ruwa.”

Wannan karon bai tafi zaure ba. Ya kawo faifansa gefen tabarmar Keziya ya zauna. Ya jiƙa 'yar tukunyar cikin ruwan ɗumi, ƙaro ya fara sakin jiki. Ya yi ta sakace shi da tsinke daga tsakanin haƙora, ya sauya ruwa, ya sake sakacewa. Ya shanya ƙarafan suka bushe, ya sa giris daidai, ya duba babban zoben yana gefen da ya kamata, ya rufe. Tun yana tsakiyar aiki Keziya ta juyo tana kallo.

Da ya gama, ya ɗaga motar, ya murza tayar hagu gaba. Ta dama ta koma baya.

Ya ce, “'Yata, zan faɗa miki gaskiya. Na gane dalilin da ya sa ɗaya take jiran ɗaya a kwana. Amma wannan komawa bayan, na kasa gane shi, na kuma kasa gyara shi.”

Keziya ta dube shi. Ta ce, “Baba, ai haka take tun ran da Yaya ya kawo ta.”

“Haka take?”

“In batir ya ƙare, da haka nake wasa da ita. In murza wannan, waccan ta gudu.”

Ya ce, “To me ya sa ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “Kana zaure. Ni kuma ba na iya zuwa zaure.”

Afiniki ta sa bakin zani ta rufe fuska. Ko dariya take yi, ko kuka, ni ban sani ba.

Aka ajiye mota a ƙasa. Ta wuce randa, ta karya kwana lafiya lau, ta ɓace a bayan rumbu. Duk gidan aka riƙe numfashi. Ta ɓullo ta ɗaya gefen da zabuwa a gabanta tana ihu. Keziya ta ce, “Mama, akwai sauran ɗumame?”

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan gidanka ce, ko kuwa ikkilisiyarmu. Tayoyin su ne mutanen da Ubangiji ya haɗa a kan ƙarfe ɗaya, miji da mata, wa da ƙane, uwa da 'ya. Miƙaƙƙiyar hanya ita ce kwanakin lafiya, sa'ad da kowa yake ci yake sha, ba a gane mai sauri da mai nawa. Kwana kuwa ita ce ranar da abu ya sauya, ciwo ya shigo, ko aiki ya tafi, ko yaro ya faɗi jarrabawa, ko an yi rasuwa. A ranar dole wani ya tsaya kusan wuri ɗaya, wani ya yi doguwar tafiya. Ba rabuwa suka yi ba. Da haka ne gidan yake juyawa bai kife ba.

Ƙananan giyoyin nan da ba a gani, su ne haƙuri da jinƙai da Ubangiji ya sa a tsakaninmu. A miƙaƙƙiyar hanya kamar ba su da aiki. Sai a kwana.

Ƙaron kuwa, iyaye mata, namu ne. Shi ne, “Dubi yayanka, ya gama makaranta, kai kana nan.” Shi ne, “'Yar wance ta yi baftisma, ke me kike jira?” Shi ne, “Kowa ya daina kuka, sai ke?” Ba don mugunta muke zuba shi ba. Manomin nan ma ƙaunar 'yarsa ce ta sa shi, da tsoro. Na san tsoron nan. Kina kwance kina lissafin yara, wannan ya yi nisa, wannan kamar ma baya yake komawa, ki rasa ko ke ce kika ɗaura wani abu a juye. Sai ki ce bari in matse su duka su tafi daidai. Za su tafi daidai ɗin kuwa, har ku iso kwana.

Wani zai tambaye ni, to yaya za a bambanta ƙaras-ƙaras na yashi, wanda dole a buɗe a wanke, da komawa bayan da yake haka aka yi abin? Don akwai yaron da lalacewa yake yi da gaske, a bar shi kuwa zunubi ne a kanmu. Gaskiya ba ni da amsa a hannu. Ɗana ya zana mini giyoyin nan a ƙasa ya yi ta bayani, har yau ban gane abin da yake mai da tayar baya ba. Abin da na gane kaɗan ne. Mutumin ya hau tudu ya tambayi na birni, ya aika ya tambayi maƙwabci, ya tambayi kansa har gumi ya keto masa. Wadda take da amsa tana kwance a cikin gidansa, ba ta iya tasowa ta same shi.

Saboda haka, yau in an tashi sujada kun koma gida, wanda a gidanku ya yi shiru, ko ya tsaya, ko kuke gani kamar baya yake yi, kada ku kai maganarsa zaure. Ku ɗauki faifanku ku je inda yake, ku zauna, ku tambaye shi.

Ubangiji, Kai ka ƙera mu, ka san abin da ke cikin tukunyar da mu ba mu gani. Ka riƙe hannunmu sa'ad da tsoro ya sa muka ɗora ruwan ƙaro. Ka zagaya da gidajenmu lafiya. Amin.